Injin Jirgi da Ke Tace Ɓurɓushin Roba Daga Ruwa

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito mai inji ya san siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga gefen injin muddin yana aiki. Matuƙi kan waiwaya ya dube shi lokaci zuwa lokaci, domin ranar da ya ɗauke, to inji na dab da ƙonewa. Dalili kuwa shi ne injin da ake maƙalawa a bayan jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa. Akwai 'yan ƙofofi a ƙasa kusa da farfela inda ruwa ke shiga, wani ɗan famfo mai fukafukan roba ya turo shi sama, ya zagaye sassan da ke ɗaukar zafi, sannan ya koma inda ya fito.

A kan wannan zagaye ne injiniyoyin kamfanin Suzuki da ke birnin Hamamatsu na ƙasar Japan suka yi tunani. Tunda dai inji na zuƙar ruwa yana amayarwa duk tsawon tafiya, me zai hana a tare dattin da ke ciki kafin a mayar da shi teku? A watan Oktoba na 2020 suka bayyana wata 'yar na'ura da ke yin haka, kuma daga watan Yuli na 2022 suka fara haɗa ta da wasu injunansu tun daga masana'anta, masu ƙarfin doki 100 zuwa 140, irin su DF115B da DF140BG.

Abin da ake farauta shi ne ɓurɓushin roba, wato gutsattsarin da bai kai milimita 5 ba, wani ma ido ba ya ganinsa. Leda da gorar ruwa ba sa ruɓewa. Rana ce ke gasa su, igiyar ruwa ta yi ta bugunsu har su dagargaje, amma suna nan a matsayinsu na roba. Wani ɓurɓushin daga tayoyin mota yake fitowa yayin da suke cinyewa a kan kwalta, wani daga zaren tufafin roba lokacin wanki, wani kuma daga tsofaffin komaye da igiyoyin masunta. Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ne ya ja hankalin duniya kan lamarin a 2004. Kifi na haɗiye shi a zaton abinci ne, mu kuma mu ci kifin. A 2022 masu bincike a Amsterdam suka gwada jinin mutum 22, suka sami roba a jinin 17.

Na'urar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce, kuma a ganina nan ne gwanintar take. Matata ce mai ƙananan idanu, tana aiki kamar rariyar da ake tace gasarar koko, an ɗaura ta a jikin tiyon da ruwa ke bi bayan ya gama sanyaya inji. Wurin da aka zaɓa mata shi ne sirrin. Da a bakin shigar ruwa aka sa ta, toshewa kaɗan za ta hana inji ruwa, ya yi zafi a tsakiyar teku, wanda ba matuƙin da zai yarda da wannan kasadar saboda tsabtar muhalli. Amma a hanyar fita, ruwa ya riga ya gama aikinsa. Sannan an bar wata hanya ta gefe, yadda ko matatar ta cika, ruwa zai kewaye ya wuce abinsa. Ba ta cin lantarki, ba ta rage gudu. Mai jirgi zai buɗe murfin inji, ya zare ta, ya kakkaɓe abin da ta tara a kwandon shara, ya mayar. A gwaje-gwajen da aka yi, an sami gutsattsarin nailan da na soson roba, haɗe da 'yan ɓaraguzan itace.

To amma kada a ruɗe mu. Wani bincike da Jenna Jambeck ta jagoranta a 2015 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, robar da ta kwarara teku daga doron ƙasa ta kai tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa 12.7. Abin da matatar inji ɗaya ke tarawa kuwa a tafin hannu ake ɗaukarsa. Haka kuma injin ruwan sama-sama yake zuƙa. Ɓurɓushin ledar da ke yawo a saman ruwa yana iya faɗawa tarkonsa, amma roba mai nauyi irin ta bututun famfo nutsewa take yi ta kwanta a ƙasa, inda ba injin da zai kai gare ta. Kuma kar a manta Suzuki kamfani ne mai sayar da inji. Kyakkyawan suna ma riba ne a wurinsa. Ban ga laifin hakan ba, matuƙar ba a ce mana an gama da matsalar ba.

Babban amfanin na'urar, a nawa ra'ayin, shi ne tana nuna wa mutum abin da bai yarda akwai shi ba. Masuncin da ya dubi ruwa garai-garai, sannan ya buɗe matata ya ga jan zare da shuɗin ɓurɓushi, ba ya buƙatar dogon bayani. Gani ya kori ji.

Mu ma abin ya shafe mu. Wani bincike na 2017 ya sa Kogin Neja cikin manyan koguna goma da suka fi kwasar roba zuwa teku. Ledar ruwan sha da aka jefar a kwata a Sakkwato ko Yamai, ruwan damina ne zai ja ta zuwa rafi, rafi ya miƙa wa kogi. Sai dai jiragen fito na Yawuri da masuntan Tafkin Chadi galibi da ƙananan injuna suke aiki, ba irin waɗannan manyan masu ɗan karen tsada ba, don haka ba nan kusa na'urar za ta iso gare su ba. Abin da ke hannunmu a tudu yake. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas kuma ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a farkon 2024. Ya kamata gwamnatocin jihohin da ke bakin Neja da Binuwai su fara da kwashe bolar da ake jibgewa a gaɓar ruwa, tun kafin ruwan farko ya sauka.