Bahar Maliya da Tsibiranta: Abin da Alhazanmu Ke Wucewa Ba Su Duba Ba

A kowace shekara, da zarar watan Sha'aban ya raba tsakiya, sai ka ga Giginyu da maƙwabtanta, Badawa da Hotoro da cikin Nassarawa, an shiga haramar Umra, ana ta kai-komo tsakanin kamfanonin jirgin yawo da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Kuma idan Allah Ya dawo da matafiya lafiya za ka sha labarin cunkoson ɗawafi da tsadar masauki da kasuwar zinariya, amma da wuya ka ji wanda ya ce ya tsaya a bakin Bahar Maliya, alhali kuwa jirgin da ya kai shi sai da ya ratsa samanta kafin ya sauka Jidda. Ga mutumin da bai san ruwan da ya wuce Tiga da Bagauda ba, wannan hasara ce, domin tafakkuri cikin halittun Ubangiji abu ne da malamai suka kwaɗaitar a kansa.

Ita wannan teku tsawonta ya kai kimanin kilomita 2,250, daga Suwes a arewa zuwa Babul Mandab a kudu, kuma saboda babu wani babban kogi da ke zuba cikinta, ga zafin rana yana ƙafar da ruwanta dare da rana, gishirinta ya fi na yawancin tekunan duniya. Rashin kogin nan shi ne sirrin kyawunta, don kuwa ba laka ba taɓo, ruwan garau yake, har mutum ya hangi ƙasa daga cikin kwalekwale. Irin wannan ruwa mai ɗumi da haske kuwa shi murjani ke so.

Mutane da yawa sun ɗauka murjani dutse ne ko tsiro, alhali wasu ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ke zaune dubbai a wuri guda, kowace tana fitar da farar ƙasa tana gina wa kanta ɗaki, idan ta mutu 'yar baya ta ɗora nata a kai, kamar dai yadda gara ke tayar da suri, har bayan dubban shekaru ginin ya taso kusa da fuskar ruwa, yashi ya taru a kansa, ya zama tsibiri. A cikin jikinsu akwai wani ɗan tsiro wanda ido ba ya gani, shi ke ciyar da su da hasken rana, shi ne kuma ke ba su launi. Idan ruwa ya yi zafi ya wuce kima sai su fitar da shi, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya wani jinsi ne dabam, daga Bahar Rum ake samo shi.

Kakanninmu sun san duwatsun murjanin Bahar Maliya, amma da fargaba suka san su. Mahajjacin da ya bar Kano a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin auduga na Jazira a Sudan don ya tara guzuri, ƙarshen tafiyarsa ta tudu shi ne Sawakin, wani ɗan tsibiri a gaɓar Sudan wanda aka gina gidajensa da dutsen murjani. Daga nan ne ake tsallakawa Jidda, tazarar kimanin kilomita 300, talakawa da yawa a cikin jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda matuƙansu ba abin da suke tsoro irin dutsen da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. Da manyan jiragen tururi suka yawaita, mashigar Sawakin ta yi musu ƙunci, sai Ingilishi suka fara gina Fot Sudan a 1905, kasuwa ta koma can, gidajen Sawakin kuwa, da aka daina shafe su da farar ƙasa, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ga shi abin da ya kasance musiba ga jiragen alhazai shi ne Turawa ke biyan kuɗi masu yawa su je su gani.

Mai Umra ba ya bukatar wata doguwar tafiya, tun da tsakanin Makka da Jidda ƙasa da sa'a guda ce a jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018. Ya fara da tsohon garin Jidda, wanda ake kira Balad, wanda tun zamanin Halifa Usman bin Affan, Allah Ya yarda da shi, ya zama tashar jiragen Makka, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2014. In ya shafa bangon gidajen nan masu tagogin katako zai ga zanen murjani a jikin tubalin. Daga nan sai Abhur, a arewacin birnin, inda ake hayar kwalekwale zuwa cikin teku, a ba mutum tabarau na ruwa da bututun shaƙar iska, ya kifa fuskarsa kawai ya ga kifaye shuɗi da rawaya da kore suna kiwo a tsakanin rassan murjani.

Wanda yake da hali da lokaci, tsibiran Farasan ya kamata ya nufa, can kudu daura da Jizan, kimanin kilomita 40 daga gaɓa, ana shiga da jirgin fito. Sun haura 80, kaɗan ne daga cikinsu ke da mutane, kuma akwai barewa da ake karewa, da kurmin itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri, da gidajen attajiran lu'ulu'u na da masu zayyana a bango. Sau ɗaya a shekara, wajejen watan Afrilu, wani kifi mai bakin aku da suke kira harid yakan taru a wata gaɓa mara zurfi, mutanen gari su fita ƙwansu da kwarkwatarsu su kama shi, abin har ya zama biki. Wannan kifi shi ke gurgurar dutsen murjani ya kasayar da shi gari, kuma wani kaso na farin yashin da baƙo ke takawa yana sha'awa, aikinsa ne.

Ɓangaren Sudan, a ganin masana ninƙaya, bai gaza na Saudiyya ba, musamman Sanganib da Dunganab waɗanda UNESCO ta amince da su a 2016. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ba mai hankalin da zai ba da shawarar zuwa yawon buɗe ido can.

Saura ladubban wurin. Daga Nuwamba zuwa Maris ne iska ke da daɗi. Iya iyo a kududdufi ba hujja ba ce ta shiga teku ba rigar hana nutsewa, kuma a sa takalmi, don akwai kifi mai dafi da ke kwance kamar dutse. Kada a taka murjani, kada a ɓalle shi don tsaraba, domin abin da hannu ya karya cikin daƙiƙa sai ya yi shekaru bai mayar ba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, abin da ke cikinsa kuma halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya. Suturta al'aura dai tana nan wajibi, a tudu ko a ruwa. Bizar Hajji ba ta ba da izinin yawo cikin ƙasar ba, saboda haka wannan ziyara ta mai Umra ce, kuma ya tambayi kamfaninsa sharuɗɗan bizarsa tun yana Kano, sa'an nan ya ware wa Jidda kwana guda kafin ranar tashi.