SARKIN GIDAN MOTA: KADA A BAR JAKI A DOKI TAIKI

Kwanan baya wani direba mai jan akori-kura tsakanin birni da kasuwannin ƙauye ya kawo mana kukansa. Ya ce shi dai a ganinsa aljannu ne suka shiga motarsa. Ya kan ajiye ta lafiya lau da dare, da asuba ya tarar batir ya mutu murus. Ran nan kuwa yana tafe cikin duhu da lodin hatsi, sai fitilun gaba suka ɗauke gaba ɗaya, waifa ta kama shara ita kaɗai. Allah ne ya kiyaye bai faɗa rami ba. Da ya je gareji aka ce masa ƙwaƙwalwa ce ta ƙone. Ya sayar da ragonsa ya sayo wata aka ɗaura, amma ba a yi mako biyu ba cuta ta komo. Daga baya wani dattijon mai rewaya ya gano ashe ruwa ne ke yoyo ta gefen gilashin gaba yana ɗiga bisa soket, har bakin wayoyin ya yi kore. Tsohuwar ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau.

To, irin wannan hasara ta yi yawa, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani.

Mene Ne Wannan Akwati?

A motocin da, kowace fitila da wayarta take tun daga makunni har ƙwai, mai rewaya ya bi ta da hannu ya ga inda ta tsinke. Motocin yanzu ba haka suke ba. Akori-kura ko jif ta zamani tana da ƙananan kwamfutoci da dama, kowace da aikinta. Akwai ta inji, akwai ta giya, akwai ta birki. Akwai kuma wadda muke magana a kanta, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da haruffa uku, BCM. Mu dai bari mu kira ta Sarkin Gida, gama ita ke kula da sha'anin cikin gida: fitilu, da sigina, da waifa, da hon, da gilasan ƙofofi, da kulle ƙofa, a waɗansu motoci har da tsaron ɓarayi wanda ke gane makulli. In direba ya taɓa makunni, saƙo ne kawai ya aika, Sarkin Gida ne zai ba da wuta.

Waɗannan kwamfutoci su kan yi zance da juna ta bisa wayoyi biyu da aka murɗe kamar igiya. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da wannan dabara, ya bayyana ta a shekarar 1986, ana ce da ita CAN. Galibi akwatin yana ƙarƙashin sitiyari ko gefen ƙafar mai zaman gaba, watau daidai inda ruwa ke sauka in mota tana yoyo.

Alamun Ciwo

In abu ɗaya ne ya ƙi aiki, kamar hon ko gilashi guda, to, da wuya laifin Sarkin Gida ne. A duba fis, da makunni, da abin kansa. Amma in abubuwan da ba su haɗa hanya ba suka rikice tare, fitila tana ƙiftawa, ƙofa tana kulle kanta, batir yana mutuwa cikin dare, inji ya ƙi tashi alhali fitilar makulli tana walƙiya, a nan ne za a fara zarginsa. Zargi kuwa ba hukunci ba ne, sai an yi bincike.

Yadda Ake Bincike

Da fari a gwada batir da mita. Cikakken batir ya kan nuna wajen bolt 12.6 sa'ad da inji ke kashe, in inji na aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Kwamfuta mai jin yunwar wuta ta kan yi surutai kamar mai zazzaɓi.

Na biyu a bi fis ɗaya ɗaya, a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota ko ta yi tsatsa ko ta saki. A zare soket na akwatin a leƙa, in an ga kore ko danshi, an kusa kama ɓarawo.

Na uku a sa wa motar kwamfuta. Tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket mai ramuka 16 kusa da sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Ta nan na'ura ke karanta lambobin ciwo. Lamba mai farawa da P ta inji da giya ce, mai B ta jikin mota, mai U kuwa ta zance tsakanin kwamfutoci. Sai a lura, ƙananan na'urori masu araha galibi na inji kaɗai suke karantawa. Lambar U0140 ma'anarta an kira Sarkin Gida bai amsa ba. To, wanda aka yi wa sallama bai amsa ba, ba lalle ne ya mutu ba, watakila wuta ce ba ta kai masa, ko hanyar saƙo ta yanke.

Don haka na huɗu sai a cire kan batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14 na soket ɗin nan. A galibin motocin 2008 zuwa gaba mita za ta nuna wajen om 60. In ta nuna 120, hanya ta yanke wani wuri, in kuwa ta faɗi kusa da sifiri, wayoyin sun haɗu.

Na biyar, in batir ke mutuwa da dare, a kashe kome a jira motar ta yi barci, abin da kan ɗauki rabin sa'a ko fiye. Wutar da take sha a lokacin bai kamata ta wuce kimanin miliamfa 50 ba. In ta wuce, a riƙa zare fis har a ga wanda ya sa ta sauka. Sau da yawa wata rediyo ce ko na'urar bin sawu da aka datsa waya aka maƙala.

In Ta Tabbata Ya Mutu

Sa'ad da wuta ke isa gare shi, hanya kuma lafiya, amma ya ƙi aiki, to, sai sauyi. A cire baƙin kan batir tukuna. Lambar da ke jikin sabon akwati ta zama daidai da ta tsohon, gama kama da wane ba ta wane. Sunansa ma ya kan bambanta: a waɗansu motocin Ford ana kiransa GEM, kamfanin Chrysler kuwa ya gama shi da akwatin fis ya kira shi TIPM. A 2014 kamfanin ya kira jif-jif ɗin Jeep Grand Cherokee da Dodge Durango ƙirar 2011 don gyara, saboda wani ɗan makunnin famfon mai da ke cikin akwatin.

Ɗaurawa kaɗai ba ta isa ba. Sabon Sarkin Gida baƙo ne, sai an gabatar da shi. A kan rubuta masa lambar motar mai haruffa da alƙaluma 17, a koya masa makullai da kayan da motar ke da su. A tsofaffin akori-kura na General Motors a kan murɗa makulli a bar shi minti 10, har sau uku, kafin inji ya yarda ya tashi. Sababbin motoci kuwa sai da kwamfutar da ta dace.

Mai sayen na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladifo ta Ikko, ya sani waɗansu akwatunan suna riƙe da lambar motarsu ta fari, ba su karɓar wata. Ya yi sharaɗi da mai kaya gaban shaidu cewa in bai yi ba zai komo da shi. Kafin a ɗaura kuma a toshe yoyon da ya kashe na farko, in ba haka ba an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Rigakafi

Abubuwa huɗu ne suka fi kashe wannan akwati: ruwa, da haɗa wayoyin batir a juye wajen ba mota wuta, da yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, da naɗe fis da waya maimakon sayen sabo. Mai sayen mota 'yar ƙetare kuma ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba laka da tsatsa, don motocin da ambaliya ta ci a kan yi gwanjonsu su ƙetaro teku.

Muna roƙon masu rewaya su riƙe mita kafin su riƙe sifana, yaran da ke koyon aiki kuma su dage da karatu, gama gyaran mota yau ya zama aikin mai ilmi. Ku kuma direbobi, duk wanda ya ce muku ƙwaƙwalwa ta ƙone, ku tambaye shi abin da ya auna. Dukiyarku ce, rayukan da kuka ɗauko kuma amana ne. Allah ya kiyaye hanya, amin.