Waƙar Da Aka Yi Shekara 12 Ana Taka Rawarta Ba A Saurari Kukanta Ba

Daga Wakilinmu

A shekarar 1983 babu gidan rawa a Ingila ko Amurka da ba a juya faifan "Sweet Dreams" ba, waƙar Annie Lennox da Dave Stewart, waɗanda aka sani da Eurythmics. Ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila, a Amurka kuwa ta ɗaya. Kiɗanta na sabon yayi ne da Turawa suka laƙaba wa New Wave, wanda na'urar lantarki ta maye gurbin jita a cikinsa.

Abin da masu rawar ba su kula da shi ba, cikin ƙunci aka haifi waƙar. Ƙungiyarsu ta farko, The Tourists, ta watse a 1980, soyayyar da ke tsakaninsu ta mutu, faifan da suka fitar a 1981 kuma ya yi kwantai. Da bashin banki suka sayi kayan aiki, suka tare a wani ɗan ɗaki a saman bene a unguwar Chalk Farm ta birnin Landan. Lennox da bakinta ta sha faɗa cewa a lokacin ta yanke ƙauna. Baitocin ma, in mai karatu ya natsu, zancen yadda 'yan Adam ke cin moriyar junansu ne, wani na cuta, wani na miƙa wuya a cuce shi. Daɗin kiɗan ne ya lulluɓe ɗacin maganar.

Sai a 1995 wasu makaɗan rok mai tsauri daga Jihar Florida, masu suna Marilyn Manson, suka sake rera ta a faifansu Smells Like Children. Suka rage mata sauri ƙwarai, suka mayar da amon na'urar nan kan jitar lantarki mai gurnani. Jagoransu, Brian Warner, yakan fara da raɗa kamar mai jinya, can sai ya ɓarke da ihu. Ya kuma ƙara 'yan kalmomi nasa, inda ya daina ba da labarin macuta ya mai da kansa macucin.

A ganina nan ne gwanintar take, ko da yake ihun yakan gundiri mai sauraro kafin ƙarshe. Sau da yawa mai maimaita waƙar wani kwaikwayo kurum yake yi don ya ci albarkacin sunanta. Waɗannan kuwa sun hana ƙafa rawa, dole kunne ya tsaya ga baitocin.

Albarkacin dai sun ci. Tashar talabijin ta MTV ta yi ta nuna hoton waƙar mai ban tsoro, sunansu ya fita daga ƙananan gidajen kiɗa ya game Amurka, iyaye da limaman coci suka shiga tsine musu. Ta asalin kuwa ba ta dusashe ba: a 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya ta cikin faya-fayen da ake adanawa don tarihi.