Igiyar da ke Hannun Aboki

Zumunta a ƙafa take, amma mu 'yan boko mun mayar da ita cikin waya. Shekara kan zagayo ba mu zauna da aminanmu ba, sai gaisuwar Juma'a ta WhatsApp.

A birnin Sheffield na Ingila, wani abokina ya kai ni The Foundry, zauren da aka buɗe a 1991, inda ake hawan bango mai madafai kamar ana hawan dutse. Kana hawa, abokinka yana ƙasa riƙe da igiyar da ke ƙugunka. In hannunka ya suɓuce, shi zai tare ka. In ya shagala, ka sha ƙasa.

Daga nan muka leƙa shagon Oxfam, mai sayar da gwanjon da jama'a suka bayar don tallafa wa matalauta, na sami rigar sanyi da araha. Muka ƙare da kifi da soyayyen dankali, muna hirar iyali da bashi da hawan jini.

Irin wannan hira ba ta shiga saƙon waya, domin mutum ba ya buɗe cikinsa sai ga wanda ya ba shi lokaci. Mai karatu, ware wa amininka yini guda tun kafin a kira ka jana'izarsa.