Babanni: bayin da suka riƙe mabuɗin fada, daga Kano zuwa Darfur

Alhazan Gadarif da suka ziyarci Madina a shekarun baya sun san "agawat", dattawan nan marasa gemu masu hidima a ɗakin kabarin Manzon Allah (SAW). Yawancinsu 'yan asalin Afirka ne. Da Hausa ana kiran irinsu babanni, wato mazan da aka dandaƙe tun suna yara.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. A zanen duwatsun fadar Nimrud da ke Iraƙi, ta zamanin sarkin Assuriya Ashurnasirpal na Biyu, ana ganin fadawa marasa gemu tsaye kusa da sarki, kuma masana da dama na ganin babanni ne. A Farisa, wani baba mai suna Bagowas ya yi ƙarfin da har ya kashe sarki Artazaksis na Uku da guba, shekara 338 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Me ya sa sarakuna suka amince da su? Baba ba ya haihuwa, don haka ba shi da ɗan da zai nema wa gadon sarauta. An kuma raba shi da danginsa, ba shi da kowa sai ubangidansa. Shi ya sa ake damƙa masa tsaron matan sarki da baitulmali.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya fara bai wa babanni sarautu, ciki har da ta Ma'aji. A Darfur kuwa, muƙamin Abu Shaihu na babanni ne. Muhammad Kurra da ya riƙe shi ya juya ƙasar lokacin da Sultan Muhammad al-Fadl yake yaro, har aka kashe shi a 1804.

Sai dai wannan matsayi a kan zalunci aka gina shi. Musulunci ya haramta dandaƙar mutum, amma fatake ba su daina ba, musamman a Bagirmi ta Chadi, kuma yara da yawa sun mutu a wurin yankan.

Hanyar gabas da kakanninmu suka bi a ƙafa don sauke farali, ita ce aka bi da wasu daga cikin yaran nan. Saudiyya ta haramta bauta a 1962, kuma agawat ɗin da suka rage ba su da masu gadonsu.