Haruffan Kan Kwali Da Aljihun Mai Saye: Rigimar HDR A Ƙofar Kaura

A makon jiya yayana ya nemi in raka shi Ƙofar Kaura ya saya wa 'yarsa talabijin na kayan ɗaki. Ya ce tunda ni ne mai digirin digirgir a gidanmu, ba za a cuce shi a gabana ba. Muka shiga wani shago ba nisa da gadar ƙasa, janareta na ruri a bakin ƙofa, bango cike da filasma, kowace tana nuna furanni da tsaunukan ƙanƙara. Yaron shagon ya nuna mana guda biyu masu girma ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan HDR ce kawai, wannan kuwa Dolby Vision ce, ita ce ta manya." Ratar kuɗin da ke tsakaninsu ta isa ta sayi buhun shinkafa har da canji. Yaya ya waiwayo ya ce, "To Dakta, ga ranarka." Na tambayi yaron abin da ya bambanta su. Ya yi murmushi, ya ce shi ma a jikin kwali ya gani.

Ban ga laifinsa ba, domin kamfanonin da suka ƙirƙiro waɗannan sunaye ba su yi su don a gane cikin sauƙi ba.

Asalin maganar ba ta da wuya. Idan mutum ya tsaya a bakin zaure da rana tsaka, idonsa na ganin ƙyallin kwanon rufi da kuma dattijon da ke zaune can cikin inuwa a lokaci guda. Tsohon tsarin hoto, wanda aka gina bisa ƙarfin talabijin mai doro, ba ya iya wannan: ko kwanon ya zama fari fat, ko zauren ya zama baƙi ƙirin. Ana auna hasken allo da ma'aunin da ake kira nit, kuma tsohon tsarin a kan nit 100 aka tsara shi. HDR ya zo ne don faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haske da duhu, ya kuma ƙara matakan kowane launi daga 256 zuwa 1,024 ko fiye.

Inda aka rabu shi ne yadda za a sanar da talabijin irin hasken da fim ke buƙata. HDR10, wanda ya fito a 2015, kyauta ne, amma umarni ɗaya yake bayarwa ga fim gaba ɗayansa. Dolby Vision, na kamfanin Dolby da ke Amurka, yana sauya umarnin daga fitowa zuwa fitowa, sai dai duk mai ƙera talabijin da ke son sa dole ya biya kuɗin lasisi. Samsung ya ƙi biya. A 2017 ya haɗa kai da Amazon suka fito da HDR10+, mai aiki kusan iri ɗaya. LG kuwa ya bi Dolby. Can gefe kuma BBC ta Ingila da NHK ta Japan suka samar da HLG don tashoshin watsa shirye-shirye, wanda tsohon allo da sabo duk za su iya nuna hotonsa.

Masu shekaruna ba za su manta da zamanin kaset ɗin bidiyo ba, lokacin da VHS ya kori Betamax daga kasuwa, kamar yadda Blu-ray ya kori HD DVD a 2008. A waɗancan karon wanda ya sayi na'urar da aka kayar ya yi asara, amma an huta. Wannan rigimar daban ce. Kusan duk talabijin mai HDR yana karanta HDR10, don haka ba wanda zai wayi gari allonsa ya daina aiki, ba kuma abin da zai tilasta wa kamfanonin su sasanta. Samsung ne ya fi kowa sayar da talabijin a duniya tun 2006, bai kuwa fasa ba duk da rashin Dolby Vision. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba tambarin ke jan ciniki ba. Amfaninsa ga masu ƙerawa shi ne samun hujjar ƙara farashi, musamman bayan da talabijin mai 3D ya mutu murus.

To mu dawo Katsina, mu tambayi abin da amaryar za ta kalla. Tashoshinmu na gida, irin su NTA da KTTV, da mafi yawan abin da ke zuwa ta dish, da tsohon tsarin haske suke watsawa. Ƙasar da ta kasa cika wa'adin 2015 na komawa tsarin dijital, ta ƙaddamar da shi a Jos a 2016 kuma har yau tana jan ƙafa, ba ta kai ga maganar HDR ba tukuna. Shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango, da finafinan Indiya na fassara da ake turawa a filashi, yawancinsu haka suke. Hoton HDR na gaske yana zaune ne a Netflix da makamantansa, kuma kallon awa ɗaya a mataki mafi kyau na iya lashe gigabait 7 na data. Bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025, gida nawa ne a Ƙofar Sauri ko Sabuwar Unguwa zai jure wannan?

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Rubuta HDR a kwali na iya nufin cewa filasmar tana karɓar saƙon kawai, ba wai tana da ƙarfin nuna shi ba. Masu araha da yawa ba sa wuce nit 300, alhali ana shirya finafinan ne da allo mai nit 1,000 ko sama. Irin wannan allon, idan aka ba shi fim na HDR, sau da yawa sai hoton ya fi na da duhu. Furannin da ake nunawa a shago kuwa an zaɓe su ne musamman, an kuma buɗe hasken har ƙarshe. Mai saye na ganin kaya da idonsa, amma cinikin biri a sama yake yi.

Sai wuta. Nuna HDR yana ƙara shan lantarki, shi ya sa tun 2021 takardar da Tarayyar Turai ke sa a liƙa a jikin talabijin take nuna shan wutarsa kashi biyu, da HDR da kuma ba shi. A gidan da ya dogara da sola da batir ɗaya, wannan lissafin ya fi sunan Dolby muhimmanci nesa ba kusa ba.

Mai shagon, dattijo mai sauƙin kai, ya fito muka gaisa. Ya ce tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, tambaya uku yake ji: inci nawa ce, sola na ɗaukarta, nawa za a rage. Haruffan kan kwali, in ji shi, wani lokaci suna taimaka masa wajen tsayawa a kan farashi, wani lokaci kuma su ne ke korar mai saye, ya ce bari ya je ya tambayi ɗansa, shi ke nan ba a sake ganinsa ba.

A ganina, hukumomin SON da FCCPC na da aiki a nan wanda bai fi ƙarfinsu ba: su wajabta wa masu shigo da talabijin rubuta ainihin hasken allo da shan wutarsa a jikin kwali, da lambobin da za a iya kwatantawa. Hukumar NBC kuma, ranar da za ta waiwayi batun, HLG ne ya dace da mu, don ba ya tilasta wa talaka jefar da abin da yake da shi.

Na ce, "Yaya, a kashe furannin nan, a jona mana dish." Aka sa tashar labarai a duka biyun, muka ja da baya muka duba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mai arahar ya ce a ɗaure. Da ragowar kuɗin ya sayi sitabilaiza, ya kuma biya mai Keke Napep ɗin da ya kai kayan gida.