Maslog: Garin da Kogi Yake Riƙe da Shi

A arewa maso gabashin tsibirin Samar, wanda shi ne na uku a girma cikin tsibiran Filifin, akwai wata ƙaramar hukuma mai suna Maslog da ke cikin ƙurmi, nesa da gaɓar teku, a lardin Samar ta Gabas. Mutanenta ba su haura dubu biyar da 'yan kai ba, kuma shekaru aru-aru hanyar da aka fi bi zuwa can ita ce kogin Dolores, inda matafiyi yake hawa dogon kwalekwale mai inji daga garin Dolores na bakin teku, ya yi sa'o'i yana tunkarar ruwa tsakanin itatuwan kwakwa da duhuwar daji kafin ya isa. Mazauna wurin Waray ne, wato al'ummar da ta mamaye Samar da gabashin tsibirin Leyte, masu harshen da mutane fiye da miliyan uku suke magana da shi.

Kogin ne yake tsara rayuwa a nan, domin yankin ba shi da rani irin wanda aka sani, ruwa yana sauka kusan duk shekara, ya fi tsananta daga Nuwamba zuwa Janairu. Idan kogi ya cika ya tumbatsa, tafiya takan zama kasada, idan kuma ya janye, sai fasinjoji su sauka a wuraren da ruwa ya yi ƙasa a tura jirgi. Abin da jirgin yake saukowa da shi shi ne kopra, wato naman kwakwa da aka ɓamɓare aka busar a kan hayaƙi don a tatsi mai, da zaren abaka, wani tsiro dangin ayaba wanda ake tsefe ɓawonsa a yi igiya da takarda mai ƙarko. Abin da yake hawowa da shi kuwa shi ne gishiri, da fetur, da siminti, da magani, kuma kowanne sai kuɗin jirgi ya hau kansa, ta yadda manomin da ya sayar da amfaninsa da araha yake sayen bukatunsa da tsada.

Gidajen ƙauye ana ɗaga su ne a kan dirkoki saboda ambaliya, a yi bango da gora, a rufa da ganyen nipa, wani nau'in kaba da ke fitowa a fadama. Shinkafa ce abinci, amma idan guguwa ta kwantar da gona, dankali da gwaza ne suke tsare gida, musamman wata ƙatuwar gwazar fadama da suke kira palawan. Da karabaw ake huɗa, wato ɓaunar gida mai son taɓo, sai dai ita wannan dabba tana cikin masu ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar da ta daɗe tana addabar Samar, wadda take shiga jikin mai aikin da ya yini tsamo-tsamo cikin ruwan gona. Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar sharar gona ko ɗaga gida, ana yinsa ne da pintakasi, tsarin da bai da maraba da gayya.

Inda aka fi ganin halin Waray shi ne ranar patron, wato bikin shekara na waliyyin da garin ya riƙa bisa al'adar Katolika, lokacin da kowane gida yake dafa abinci ya buɗe ƙofa ga wanda aka sani da wanda ba a sani ba. A nan ake rawar kuratsa, wadda namiji da mace suke yi su biyu, shi yana bibiyarta yana rausaya yana durƙusawa, ita tana kaucewa, jama'a kuma suna yi musu liƙi ko su zuba kuɗi a kan ƙyallen da aka shimfiɗa a fili. Kuɗin ba na masu rawa ba ne, ana tara shi ne don coci ko makaranta, ko don ango da amarya idan biki ne. Ana shan tuba, bammin kwakwa da ake jefa wa ɓawon wani itacen bakin teku har ya koma ja.

Dajin da ya kewaye Maslog yana cikin mafi girman ƙurmin da ya rage a Filifin, kuma a Samar ne aka fara samo shahararriyar gaggafar ƙasar don nazari a 1896. Bayan mummunar ambaliyar 1989 gwamnati ta dakatar da saran katako a tsibirin, a 2003 kuma aka keɓe sama da hekta 330,000 a matsayin gandun daji. Guguwar Hagupit ta Disamban 2014, wadda ta fara dira a Dolores, ta nuna yadda agaji yake jinkiri ga garin da ruwa ne hanyarsa. Shi ya sa aikin titin zuwa Maslog da aka duƙufa a kansa a 'yan shekarun nan yake da muhimmanci ga mai naƙuda da ɗalibi da manomi, kuma babu adalci a ce su zauna a killace don daji ya tsira. Wajibi ne dai hukuma ta tsare gandun, domin titin da zai kai mara lafiya asibiti shi ne zai buɗe wa motar katako hanya.